Bahon Wanke Ƙwai

Kwana uku ke nan Inna mai girki ba ta yi barcin kirki ba. Yara tara na makarantar renon da take dafa wa abinci suna kwance a asibiti, amai da gudawa sun tatse su, likita kuma ya ce ƙwai ne. Ita dai ta san ba daga hannunta ba ne. Shekara goma sha takwas tana wannan kicin, ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shiga. Don haka ta kira ƙanenta, wanda yake kawo musu ƙwai daga gonarsa, ta yi masa tatas, ta kashe wayar.

Da hantsi duba-gari ya iso, shi ma ido duk ya faɗa. Ya leƙa tukwane, ya shafa saman kantar kicin, bai samu ko ƙura ba. Inna na biye da shi tana jan ƙafa, bayanta kamar zai balle.

“Duba da kyau, ɗan nan,” ta ce. “Ni ko ƙwai ba ya kwana a nan da kashin kaji. Yana zuwa nake juye shi a bahon can, in wanke tas, in jera a kanta.”

Ya tsaya cak. “Ruwa ɗaya, Inna? Mai sanyi?”

“To da me?”

Ya sauke numfashi, ya yi mata bayani a hankali. Ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, da wani ɗan rufi da kaza ke yi masa. Wanki yana cire rufin, ruwan sanyi kuma ya ja ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin zuwa ciki. Su kwana biyu a zafin kicin suna hayayyafa, sannan a soya ƙwan ruwa-ruwa yadda yara ke so.

Inna ta nemi kujera ta zauna. Kunya da gajiya suka taru suka danne ta, ko kukan ma ta kasa.

Shugabar makarantar ta leƙo da takarda a hannu. “Mai ƙwan ne ko? Ka faɗa mini in kai ƙararsa yau ɗin nan.”

Duba-gari ya sunkuyar da kai, ya hau gyaran jakarsa. Inna ta gane sarai: in ta yi shiru, shi ma ba zai tona ta a gaban mutane ba.

“Ki ƙyale ƙanena,” ta ce, murya a dishe. “Lafiya lau yake kawo su. A hannuna suke lalacewa.”