Sif a Kan Bulo Huɗu

Ranar da Garzali ya kira ni ya ce in zo in gyara masa gida zai sayar, sai da na cire wayar daga kunnena na sake duba sunan. Shi ne dai, mijin ƙanwata Juwairiyya, wanda rabona da jin muryarsa tun sadakar arba'in ɗinta.

"Yaya Safara'u, kin san ba wanda ya san kayan nan kamar ke," ya ce, bayan doguwar gaisuwar da daga ni har shi ba wanda ta kai wa zuci. "Ke kika jera su tun farko."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Jere ne sana'ata. Shekara ashirin ina yi wa amare jere a Wudil, har Indabo da Kausani ana zuwa ɗaukata. A 'yan shekarun nan dillalan gidaje suka gano gida in an jera shi ya fi shiga ido a hoton waya, sai su ma suka fara nemana. Ba na kawo ko cokali. Da kayan mai gida nake aiki, in rage wannan, in juya wancan, in wanke labule, sai ka ga mai gidan kansa ya tsaya yana tunanin ko ya fasa sayarwa.

Gidan Garzali kuwa na san shi kamar yunwar cikina. A kwari ya gina shi, can wajen kogi, don fili ya fi araha. Duk watan takwas ruwa sai ya shigo, ya kwana biyu ko uku ya janye, ya bar bango yana tsatsafo har ƙarshen damina. Juwairiyya mai fuka ce tun tana yarinya. Shekara tara tana roƙonsa ya bar ta ta riƙa yin damina a Utai wurin Iyarmu, shekara tara yana cewa in ta tafi mutane za su ce gidansa ba ya zaunuwa. Bara a watan tara numfashinta ya sarƙe a uwar ɗakan nan, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Na san kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da ƙaddara. Amma ban yafe masa ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Ta bar 'ya ɗaya, Khaulat, mai shekara bakwai, wadda take kirana Inna. Sau uku ina aikawa ya ba ni riƙonta, sau uku yana cewa 'yarsa ba ta rasa uba ba. Yanzu kuma gari ya ɗauka wani abokinsa ya samo masa aiki a Fatakwal, kuɗin gidan kawai yake jira. Wato ya rabu da gidan da ya cinye mini ƙanwa, ya cika aljihu, ya ɗauke yarinyar ya kai ta inda sai dai in ji muryarta a waya in ya ga dama. Kuma da hannuna yake so in share masa hanya.

Na ce masa ina nan zuwa.

Da na je, Khaulat tana makaranta. Ya zaga da ni kamar baƙuwa, har muka shiga uwar ɗaka. Can na ga bangon. Ya shafa fenti sabo, amma daga ƙasa zuwa gwiwar mutum fentin ya kumbura ya ɓare, jirwayen ruwa ya fito baƙi da kore, layi a kan layi, kowace shekara da nata.

"Sauran ɗakunan fenti ya kama," ya ce yana sosa ƙeya. "Wannan ne ya ƙi. Ina ganin in kika jawo sif ɗin nan ya tsaya a gabansa, shi ke nan."

Sif ɗin Juwairiyya yake nufi, mai ƙofa huɗu, wanda Babanmu ya sayar da bijimi a kara ya saya mata.

"Wa zai saya?" na tambaya.

"Wani malamin jami'a ne, Dakta Mudassir. Mutumin Gombe, bai san gari ba. Muhyiddeen dillali zai kawo shi ranar Laraba."

Bai san gari ba. Har da ɗan murmushinsa da ya faɗi haka.

Kwana biyu na yi ina aiki, kuma ban taɓa yi wa gida aikin da na yi wa wannan ba. Na fitar da rabin tarkacen falo na kai ɗakin ajiya. Kujerun da suka jeru jikin bango kamar na asibiti na juya su suka fuskanci juna. Na sauke labulaye masu kauri na rataya farare marasa nauyi da na tono a ƙasan akwatinta, har yanzu da ƙamshinta a jiki. Sai da na zauna a bakin gado na yi kukana mai isata kafin na iya rataya su. Madubi na mayar da shi kallon taga, ɗakin ya ninka haske. Tangaran ɗinta na goge ɗaya bayan ɗaya na jera guda shida kawai, sauran na ɓoye.

Sif kuma na jawo shi gaban bangon kamar yadda aka umarce ni. Abin da na ƙara ɗaya ne. Na sa almajiran kafinta biyu da suka taya ni ɗagawa suka ɗora shi a kan bulo huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, na naɗe bulon da ragowar yadin labule.

Garzali ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan fa?"

"Ɗaki yana ƙara tsayi in sif ya tashi daga ƙasa," na ce. "Tsaya a bakin ƙofa ka gani."

Ya tsaya ya gani. Daga tsaye ba abin da ido yake kamawa sai katako mai sheƙi. Ya gyaɗa kai har yana cewa sana'a dai sai mai ita.

Daga nan na tura gado ya cinye gefen taga, na sa durowa a ɗaya kusurwar, har ya zama duk ɗakin ba inda mutum zai shimfiɗa darduma ya kalli gabas sai wuri ɗaya, sif na damansa, tazarar kamu biyu. Nan na shimfiɗa dardumar Juwairiyya, na ajiye carbi a kai kamar ado.

Saura lokaci. Na kira Muhyiddeen na tambaye shi yaushe Daktan yake tashi daga aji ranar Laraba. Ya ce ƙarfe huɗu da kwata.

"To ka ɗauko shi kai tsaye, kada ku tsaya ko'ina," na ce. "Huɗu da rabi rana take faɗowa falon nan. In ta wuce, hasken ya tafi."

Ranar Laraba na cika buta na ajiye a bakin rariya inda duk mai shigowa zai gan ta. Na turara gidan lungu-lungu da turaren wuta mai kyau. Na san halin hayaƙi, sama yake yi. Kafet ɗin uwar ɗaka ban kai masa kasko ba, ban kuma shanya shi ba.

Dakta Mudassir ya zo, dogo, mai sanyin magana, da alli a gefen hannun rigarsa. Muka gaisa, na ja gefe na tsaya a ƙofar kicin a matsayin mai jere. Falo ya tafi da shi. Ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa, ta kira nan take, muna jin muryarta tana tambayar ko da labulayen za a sayar. Garzali baki har kunne. Suka fara zancen ranar da za a kira shaidu.

Kada in yi wa kaina ƙarya, ba tausayin Daktan ne ya sa ni ba. Da mutumin banza ne ma haka zan yi. Garzali nake so ya ji a jikinsa.

Suna fitowa tsakar gida idon Dakta ya sauka a kan buta. Ya duba agogo.

"Subhanallahi, ban yi La'asar ba. Daga aji muka taho. Akwai masallaci kusa?"

"An daɗe da idarwa, Dakta," in ji Garzali. "Ga ruwa nan, ga ɗaki da darduma a shimfiɗe. Ai gidanka ne, ka fara sa masa albarka."

Da bakinsa ya faɗa. Ni ko tari ban yi ba.

Dakta ya yi alwala ya shiga. Ƙofar a buɗe take, daga inda nake ina hango bayansa. Sujadar farko da ya ɗago sai da ya ɗan yi jim. Ya ci gaba da sallarsa a natse har ya zauna tahiya. Ya yi sallama, ya juya fuskarsa dama, bai dawo da ita ba. Yana zaune a ƙasa, idonsa daidai ƙarƙashin sif.

Ya shafa addu'a, ya kunna fitilar wayarsa, ya durƙusa ya haska. Ya miƙa hannu ya taɓa bangon, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Sannan ya ɗaga gefen kafet ya duba.

Da ya fito bai ɗaga murya ba. "Malam Garzali, har ina ruwa yake kaiwa?"

"Wane ruwa, Dakta? Ɗan danshi ne na..."

"Ina da yaro mai ciwon ƙirji," ya ce. "Da ka gaya mini tun farko, da mun rabu da mutunci." Ya juya wurin dillali. "Muhyiddeen, kai ɗan gari ne. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Muhyiddeen ya hau rantse-rantse yana bin sa har mota. Na san kafin Juma'a duk wani malamin jami'a mai neman gida ya ji labari, dillalai kuma ba mai sake kawo mutum ya ji kunya. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Shekara guda ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba zan ce ban ji ba.

Garzali ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ina kallo ya zauna a kan dardumar, ya juya dama. Ya daɗe a haka kafin ya taso.

"Ɗaki yana ƙara tsayi," ya ce.

"Abin da ka ce in rufe na rufe," na ce. "Wanda ya tsaya a tsaye ba zai gani ba. Ita kuwa shekara tara tana kai goshinta ƙasa a ɗakin nan. Ka zauna a cikinsa kai ma. Kuma Khaulat ba inda za ka kai ta."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na zaci zagi zai yi, na ma shirya masa. Sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Fatakwal ɗaki ɗaya aka ba mu, mu huɗu maza. Ina zan kai 'ya mace? Na je Utai makon jiya na gaya wa Iya, ana gama ciniki ke zan kawo wa ita, da kayan uwarta gaba ɗaya. Na ce kada a gaya miki, kada ki ce da ita na biya ki aikin." Ya buɗe ƙofar gida ya riƙe. "Yanzu ba tafiya. Ina nan, 'yata tana nan. Ke kuma kada ƙafarki ta sake taka gidan nan."

Na fita ina cewa a raina ƙarya yake, don ya ƙona mini rai ne. Ban kai bakin titi ba na kira Iya.

"Au, har ya gaya miki?" ta ce, muryarta cike da murna. "An yi cinikin ke nan? Yaushe za ki ɗauko ta?"

Na kashe wayar.

Ranar Asabar da hantsi, ba makaranta, na koma. Na yi sallama sau uku, na ƙwanƙwasa har hannuna ya yi zafi. Ina jin motsinsu a tsakar gida, ina jin ƙarar cokali a kofi.

"Baba, kamar muryar Inna," na ji Khaulat ta ce.

"Ba kowa," ya ce. "Shanye kokonki."