Alƙalami Mai Kauri

"Ba su ba ne," in ji Mai Alƙalami, ya miƙo mini su ko kallonsu bai yi ba.

Ƙananan zobban ƙarfe ne guda biyu, sababbi fil, waɗanda na yi kwana biyu ina zarya kafin a ƙera mini su. Sau ɗaya kawai ya murza su tsakanin yatsunsa, yana jingine da filo uku, numfashi na fita da ƙyar.

"Yaya, duba dai da kyau."

"Nawa na rubuta maka a takarda?"

"Sha bakwai."

"Nawa ka sa aka yi?"

Milimita sha uku na sa aka yi.

Mai Alƙalami maƙwabcina ne na shekara ashirin da shida, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni gyaran agogo nake yi, shi kuma alƙalami yake sassaƙawa da itace a kan injin da ke juya itacen kamar mazari. Ya girme ni da shekara goma, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuwa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Agogo. Aikinsa na san shi kamar nawa, don kunnena ya sha ƙarar injin nan. Zai huda guntun itace, ya zura bututun tagulla a ciki, ya toshe kowane baki da irin zoben nan da ake ce wa bushi. Injin yana da tsini biyu, hagu da dama, su ne ke shiga bakin bushin su matse. Daga nan sai ya yi ta feƙe itacen har ya zo daidai da bushin. Faɗin bushi shi ne kaurin alƙalami.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, kowa ya gane abin da hutun yake nufi. Shi ma ya gane. Ya kira ni ya ce saura masa alƙalami ɗaya, na matarsa, kuma ba shi da bushin da zai yi shi. Na zagaye kasuwa kaf. Masu kayan mota suka yi ta fito mini da bushin roba mai girman kofi, wani har yana rantsuwa wai zai shiga. A ƙarshe na dangana da wani mai feƙe ƙarfe a bayan layin masu walda. Ya duba takardar ya ce, "Wannan alƙalami ne ko taɓarya?" Ni ma dama abin ya tsaya mini a rai. Na zaro ma'aunina na auna alƙalamin da ke aljihuna, aikin Yaya ne da kansa, sha uku cif. Na ce ciwo ne ya sa hannunsa ya kauce, na gyara masa lissafi. Ni mutum ne da ba ya iya ganin agogon wani yana latti ya yi shiru.

Muna cikin maganar zobban nan da Yaya matarsa ta shigo da shayi. Ya ce, "Agogo, dubi hannunta."

Shekara da shekaru ina karɓar kofi daga hannun nan ban taɓa dubawa ba. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe yatsun, ba sa haɗuwa. Cokalin da take juya shayin an naɗe mariƙinsa da tsumma har ya yi kauri.

"Shekara biyu tana zuwa ajin manya," in ji shi. "Ta iya rubutu yanzu, amma biro sulɓe mata yake yi. Na yi wa alƙalai, na yi wa malamai, na yi wa ɓarayi ma da ban sani ba. Ita ban taɓa yi mata ba. Tsumman cokalin nan na auna."

"Ƙyale shi, Malam," ta ce. "Ai ƙanin naka ko rana ce ta fito sai ya duba agogo ya ga ko ta yi daidai."

Da can da na rama, don ni da matar Yaya ba ma raga wa juna. Ranar ban iya ba. Kunya ta kama ni, da tsoro, don na cinye masa kwana biyu, kuma ba wanda ya san kwana nawa suka rage.

Na koma wurin mai feƙe ƙarfe a ranar. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai jibi. Na jawo benci na zauna a ƙofar shagonsa, na ce to nan zan jira jibin. Kafin la'asar ya gaji da ganin fuskata ya yi mini.

Washegari da hantsi ni da 'yarsa muka ɗauko shi a kujera zuwa shagon da ke gaban gidan. Ƙurar katako ta kwanta a kan komai. Ya nuna mini guntun itacen da ya ɓoye a aljihun tebur, baƙi mai jan jijiya, an riga an huda shi an sa bututu. Na sa bushin, na matso da tsinin.

"Kar ka matse da yawa, ba wuyan ɓarawo ba ne."

Hannunsa ba zai iya riƙe kurfin feƙe itacen ba, don haka ni na riƙe. Na kunna injin, itacen ya fara zubar da gari a kan takalmina. Duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga yatsa in kashe, ya miƙa hannu ya shafa inda itace ya haɗu da ƙarfe, idonsa a rufe.

"Saura."

Na sake. Na so in ɗauko ma'auni, ya ce in bar shi a aljihu. Sau tara muka tsaya. A na taran ya daɗe yana shafawa, gaba da baya, har na ɗauka barci ya kwashe shi.

"Ya yi," ya ce. "Kira ta."

Na goge shi da takarda mai yashi, na shafa mai, na haɗa bakin rubutun. Ta zo tana goge hannu a zane. Ya ɗora mata shi a tafin hannu, yatsun suka rufe a kai, bai faɗi ba. Ta juya shi, ta sake juya shi.

"Yana da nauyi," ta ce.

"Za ki saba."

"Bari in samo takarda."

"Ba sauri," in ji shi. "Ku mayar da ni ciki, na gaji."

Ba ta samu ta gwada shi ba. Da rana jikin ya rikice, muka kai shi asibiti, kwana ɗaya ya yi a can. Ya cika da safe, 'yarsa na riƙe da ƙafarsa. Allah ya jiƙansa. Na fita baranda na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata.

Kafin a ba mu gawarsa sai da aka kira mu wani ƙaramin ofis mai taga ɗaya. Ma'aikaciyar ta ajiye takarda ta ce matar mamaci za ta sa hannu. Ta dubi tsohuwar, ta dubi yatsunta, sai ta buɗe ɗan akwatin tawada na dangwale ta turo mata.

"Mama, kawo babban yatsa."

Matar Yaya ta kwance bakin mayafinta, ta fito da alƙalamin. 'Yarta ta matso za ta taimaka, ta girgiza kai. Ta gyara zama, ta danne takardar da gefen hannun hagu, ta fara. Harafi ɗaya, ta huta, ta yi na biyu. Akwai mutane a layi bayanmu. Ma'aikaciyar ta ja akwatin tawadar a hankali ta rufe, ta harɗe hannu tana jira.