Ramar Tahidu Tela

Azeta ta sauke ƙwarya daga kanta a tsakar gidan ƙanenta, ta yaye ganyen da ta rufe ta da shi. Tozon sa ne guda, kitse fari fat, ga curin man kaɗe a gefe. Tun daga ƙauyen Gbalahi ta ɗauko shi da ƙafa.

"Ina matar gidan? A ɗora wannan yanzu, ina zaune."

Safiatu ta fito daga madafa ta durƙusa ta gaishe ta. Ta san abin da ya kawo yayar mijinta. Wata huɗu ke nan matan unguwar Sabonjida suna yi da ita a bakin rijiya, wai Tahidu tela ya zabge, matarsa tana yi masa rowar nama.

Ba su ga ranar da allura ta suɓuce daga hannunsa na dama ba, bakinsa ya karkace, yana tsakiyar ɗinkin tutocin bikin 'yancin kai. Kwanansa tara a asibiti. Malamin asibitin, Komla, ya ja Safiatu gefe da Hausarsa ta kasuwa: "Jini ya hau. Kitse, babu. Gishiri, kaɗan kaɗan. In ya sake, ba zai tashi ba." Tun daga nan tukunyarta ta koma wake da zogale, tuwon dawa da miyar ayoyo, wato lalo, busasshen kifi da daddawa.

"Yaya," in ji Safiatu, kanta a ƙasa, "ba zan dafa masa ba."

"Me kika ce?"

"Ki kai ni ƙara gun dangi, zan je. Amma ba zan dafa ba."

Azeta ta buɗe baki ke nan sai ga ƙararrawar keke. Tahidu ya shigo yana gumi, ya jingine keken, ya tsaya a kan ƙwaryar ya daɗe yana kallo.

"Wayyo tozo! Yaya, sau uku ina mafarkinsa."

"To ga shi. Matarka ta hana."

Ya zaro allura daga bakin hularsa, ya tsinko zare a gefen rigarsa. Da hannun nan na dama ya zira shi a allurar, sau ɗaya, ya miƙa wa yayarsa.

"Kin tuna Baba? Kullum da tsokarsa mai maiƙo. Shekara biyu muna juya shi a tabarma, ke kike ba shi koko da ludayi."

Azeta ta juya allurar a tafin hannunta. Safiatu ta kawo tuwo ta ajiye a gabanta. Azeta ta wanke hannu, ta kai loma, ta ɓata fuska.

"Gishiri bai ji ba."

Ta ƙara wata lomar, ta ƙara wata, har ta suɗe kwanon.

"Safiatu, yanka tozon nan ki raba wa maƙwabta, tunda su ya dama." Ta juyo ta ƙare wa ƙanenta kallo daga sama har ƙasa. "Kai kuma, wai tela! Kana yawo cikin wandon da zai ɗauki mutum biyu, dole a zagi yarinyar mutane. Ka rage shi yau."

Tahidu ya riƙe ƙugun wandon yana dariya. Safiatu ta shiga neman wuƙa.