Akwati, Akwati, Akwati

Saura minti ashirin a rufe shafin intanet na neman gurbin karatu da ƙarfe huɗu, wayar Rilwanu ta ɗauki ƙara. Shi ya gina wa kwalejinsu shafin nan, tun safe kuma yake hura hanci a ofis, wai ko mutum ɗaya bai kawo ƙorafi ba.

Rahinatu ce, 'yar kawunsa ta Ƙofar Guga, wadda idonta ya rufe tun tana 'yar shekara tara. Ko gaisawa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya Rilwanu, saurara ka ji aikinka."

Ta kara wayar jikin kwamfutarta. Muryar da ke karanta mata allo ta shiga zuba: tebur, layi na ɗaya, suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma. Layi na biyu, akwati, akwati, akwati.

"To, wanne ne na mi?"

Nan take ya hango matsalar. Don shafin ya ƙayatar, tebur irin na jadawali ya shimfiɗa, ya jera tambayoyi a sama, wuraren amsa a ƙasa. Mai ido kallo ɗaya ya gane. Ita kuwa na'ura layi-layi take bi, ba ruwanta da ado.

"Turo bayananki in cike maki, yanzun nan."

"Bara ma haka aka cike mani a shagon intanet, aka sa mani shekarar haihuwar wata. Shekara guda na yi a gida. Gyara kawai."

Kai, yarinyar nan akwai kafiya! Amma kunya ta riga ta rufe shi. Ya rushe teburin, ya ɗaure kowace tambaya da akwatinta, gumi har cikin ido. Sau biyu yana kuskure. Saura minti tara.

"Sake buɗewa."

Can sai muryar na'urar: suna, akwati. Ranar haihuwa, akwati. Yana jin yatsunta suna sauka kamar yayyafi a kan kwano.

Huɗu saura minti ɗaya ta ce, "Ya shiga."

"Alhamdu lillahi!" Ya jingina da kujera, har da 'yar dariya.

"Yaya," in ji ta a hankali, "mu tara ne makafi a ajinmu. Takwas ɗin tun Litinin suke fama, har sun haƙura. Su ba su da ɗan'uwa a ofishinku."

Ya dubi allo. Shafin ya rufe kansa, daidai yadda ya tsara shi da hannunsa. Ya miƙe ya nufi ofishin magatakarda neman a sake buɗe shafin, bai ma san da wane baki zai fara ba.