Mu Biyar Ne

"Goge wannan," in ji Umma, ta ɗora yatsa a kan da'irar farko.

Auta na durƙushe a tsakar ɗaki gaban farin kwali, tana ƙarasa taswirar iyalinsu. Aiki ne malamarsu Dakta ta ba 'yan aji uku a sashen nazarin iyali na jami'a: kakanni, iyaye, 'ya'ya, akwati ga namiji, da'ira ga mace, jan layi ga mai larura. Ƙarfe goma kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin tasa.

Da'irar ta Yaya ce, 'yar farin gidan. Shekararta talatin da ɗaya, hankalinta na 'yar shida, ga farfaɗiya. Baƙo na yin sallama za a ja ta ɗakin baya a rufo ƙofa. Haka Auta ta taso ta tarar.

"Umma, mu biyar kika haifa."

"Ni za ki gaya wa? Ƙanwar Injiniya ajinku ɗaya, bakinta kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Saura wata biyu bikinku da shi. Kin san uwarsa, tari aka yi a dangi sai ta bi asalinsa. In suka fasa, sai ki auri kwalin."

"Ai dai wata rana za su gan ta."

"In an ɗaura, su gani. Yayyenki suna ce wa karatun nan digirin raino, ban hana ki ba. Amma ba tonon silili na tura ki ba."

Yaya ta leƙo da takalman Auta a hannu. Ita ke goge su kullum, ba wanda ya sa ta. "Auta, makaranta," ta ce, tana dariya.

A cikin bas Auta ta rungume kwalin a naɗe. Son Injiniya take yi, so na gaske, ba na a rufa asiri ba. Shekara biyu yana zuwa zance, huɗu yake ƙirga 'ya'yan gidan, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ba maganar Umma ba.

Ita ce ta shida da aka kira a aji. Ta manna kwalin a allo, wallahi kamar ta nutse. Ta bi kakanni da iyaye a gurguje, ta iso layin ƙarshe.

"Mu biyar ne. Wannan babbar yayarmu ce."

A layin kujeru na biyu ƙanwar Injiniya ta ajiye biro. Ta dubi jan layin, ta dubi Auta, sannan ta zaro waya a hankali, ta jingina ta da jaka, idon kyamara na kallon allo.

Dakta ta gani. "Ke, ajiye wayar nan. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, nan yake tsayawa."

"Dakta, a bar ta," in ji Auta.

Ta matso gaban tebur, daidai saitin wayar, ta gyara mayafi. Daga bayan aji wani ya ce ba a ji sosai.

Sai ta ɗaga murya, ta faro daga ranar da aka haifi Yaya.