Jan Zare a Bayan Sifika

Shekara tara rediyon yana zaune a bakin tagar falo bai ce uffan ba, da manyan sifikunsa biyu, kowacce ta kai ƙugun mutum. Ɓeraye ne suka cinye wayoyin bayansa tas. Mai shi, tsohon direban babbar mota, kullum sai ya goge shi da tsumma, ya ce gobe zai gyara.

Matarsa tela ce, kuma ta gaji da goben nan. Kekenta na ɗinki yana matse a lungun ƙofar kicin, inda sai ta kanne ido kafin ta zura zare.

"Baban yara, kullum kana cika baki wai ƙararsa tana girgiza kofi a kan tebur," ta ce. "Na ba ka zuwa Asabar. In kofi bai motsa ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai kwashe shi, kekena ya dawo bakin taga."

"Haba! Wannan fa ya girmi 'yarmu ta fari."

"Ita ai tana magana."

Washegari ya tafi shagon kayan lantarki da ɗan abin da ke aljihunsa. Mai shagon ya ɗauko wata waya a kwali mai sheƙi, kauri kamar igiyar ɗaure kaya, kanta da ruwan zinare.

"Baba, in ka sa wannan, har numfashin mawaƙi za ka ji."

Da ya ji kuɗinta, direba ya ajiye kwalin a hankali. "Ɗana, bar wa mawaƙi numfashinsa. Nawa nake so ya kai ƙarshen wata."

Mai shagon ya yi dariya har da buga kanta. Ya jawo naɗin farar wayar fitila mai sili biyu manne da juna. "Tsakani da Allah, duk jan ƙarfe ne a ciki. Falo ɗaya, wannan ta ishe ka. Sai dai wajen haɗawa ka kula da..."

"Ni za ka koya wa haɗa waya? Shekara talatin ina haɗa batirin mota!"

Ranar Asabar da hantsi ya durƙusa a bayan rediyon, ya fere bakin wayoyin, ya cusa kowacce a raminta. Ya aza kofi a tebur, ya danna tsohon kaset ɗin da ya tarar a ciki. Kiɗa ya fito, amma wayyo, siriri ne, ba ganga ba nauyi, sai ka ce daga ɗakin maƙwabta yake zuwa. Kofi ko gezau.

"Wannan magana ce ko mura?" in ji matar.

 Ya zauna a ƙasa. "Da na sani na sayi mai zinaren," ya ce a hankali.

Sai tausayinsa ya kama ta. Ta zo ta tsuguna, ta bi wayar da babban yatsa yadda take taɓa yadi kafin ta yanka.

"Kai, wayar nan ai tana da fuska da baya. Taɓa ka ji. Sili ɗaya sumul yake, ɗayan yana da ɗan tudu." Ta leƙa bayan sifikun. "Dubi abin da ka yi: a ta hagu mai tudun ka sa a jan rami. A ta dama ka juya shi, ka sa a baƙi. Wannan tana turawa, waccan tana ja, ina za ka ji nauyi? Mai batirin mota!"

Ta tsinko jan zare da haƙori, ta ƙulla a kan kowane sili mai tudu. Ya sauya su, ya sake dannawa.

Ganga ta daki falon. Kofi ya soma rawa a kan tebur, ƙir-ƙir-ƙir, direba ya miƙe yana taya shi, ya manta da ciwon gwiwa. Ana tsakiyar haka waƙar ta yanke, ashe an taɓa ɗaukar magana a kanta. Muryar wata matashiya ta fito sarai daga tsakiyar ɗakin:

"Baban yara, kashe abin nan, yarinya tana barci! Wallahi wata rana sai na sayar da shi!" Sai kukan jaririya, sai dariyar mutum biyu.

Matar ta dafe baki. Muryarta ce, shekara talatin da wani abu baya. Ta yi dariya har hawaye suka zubo mata.

A waje mai sayen ƙarafa ya ƙwala sallama. Ta leƙa ta taga. "Ka yi haƙuri, yau babu komai!" Ta juyo. "Mayar da shi baya in ƙara ji."

"To kekenki fa?"

Ta dubi falon, idonta ya sauka a kan doguwar kujerarsa da ke ɗaya gefen tagar.

Kafin azahar keke yana bakin taga kusa da rediyo. Shi kuwa daga kan kujerarsa a lungun ƙofar kicin yake sauraro, yana rantsuwa a nan ma gangar ta fi daɗi.