Ranar da Motar Illiya Ta Tashi

A unguwar Katanga, idan mutum ba ya son yin abu, ba ya cewa a'a. Sai ya ce, "Ranar da motar Illiya ta tashi." Shi ke nan, ka san an sallame ka. Tela na faɗa wa mai jiran ɗinki, uba na faɗa wa ɗan da ya dame shi da zancen babur. Har liman an ce ya taɓa faɗa, amma wannan babu shaida.

Indo, matar Illiya, duk sanda ta ji maganar sai ta ji kamar an watsa mata barkono, don ta san ranar da aka haifi maganar, ta kuma san bakin da ya haife ta. Ranar sunan ɗanta Ɗan Lami ce. Tsakar gida cike da mata, ana neman abin da za a ɗora miya, ta tambayi aminiyarta Uwani yaushe za ta maido babbar tukunyar da ta ara. Uwani tana tauna goro ta ce, "Ranar da motar mijinki ta tashi." Mata suka fashe da dariya, har mai tuƙa tuwo ta saki muciya. Indo ta miƙe da jaririnta a hannu ta ce, "To ni ma ranar zan sake taka gidanki." Yanzu jaririn nan ya yi gemu, ya haifi nasa, tukunya ba ta dawo ba, kuma in Indo za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan masallaci don kada ta bi ta ƙofar Uwani.

Motar kuwa tana nan a garajin Illiya. Fijo ce, amma ba irin waɗanda suka tsufa suna jigilar Arlit ba. Ƙofa biyu gare ta, dogon hanci, gajeren baya, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi, moterta, wato injinta, silinda shida. Wani Bature ne ya ƙetaro da ita daga Tamanrasat zamanin da 'yan yawon buɗe ido ke cika Agadas. Ta mace masa a bakin gari, ya zage ta da Faransanci har ya gaji, ya miƙa wa Illiya kile, makullin motar, ya hau jirgi. Lokacin Illiya saurayin makanisiyan ne, mai gyaran mota, yana neman Indo. Ya kai ta ta gani, ya shafa kapo, murfin inji, ya ce, "A cikin wannan zan kai ki ɗakinki." Ranar biki da ƙafa aka kai ta, kamar kowa.

Amma bai taɓa sakin motar ba. Sanda hidimar 'ya'ya ta yi yawa ya rufe ta da buhuna, da ya tsufa ya bar wa Ɗan Lami garaj sai ya yaye buhunan ya duƙufa. Ya sauke moter, ya wanke kowane ƙarfe da man gazuwal, ya jera a kan tabarma kamar kayan lefe. Radiyato daga Damagaram aka zo masa da ita. Gilashin fitila guda wani shofer ɗin kaminyo, babbar motar kaya, ya tsinto masa a hanyar Dirku. Kujerun da beraye suka cinye, dukawa suka sake musu jar fata, da zane a gefe irin na sirdin raƙumi. Wata 'yar allura ta karbirato da ta gagara samuwa, maƙerin azurfa ya ƙera ta, yana mita wai shi da ke yi wa amare awarwaro an mai da shi mai gyaran mota. Ya shafe ta da jan fenti. Komai ya kammala, sai abu ɗaya.

Kan delko ake ce masa, wani murfin roba mai tauri da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta. Na motar ya tsage tun hannun Bature, daga baya ya ruguje. Na silinda huɗu ko'ina akwai, na shida ne babu. An nema a Arlit, an nema a Yamai, Ɗan Lami ya sa hoto a wazaf. An aiko da wani daga Kano cikin kwali mai kyau, aka gwada, ya ƙi zama.

Shi kuwa Ɗan Lami wurin ya yi masa kaɗan. Motocin masu haƙar zinariya na Jado sun yi layi har kan hanya, kowa na son a gama masa ya koma daji. Rannan ya zo cin abincin rana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In bikin Bianu ya wuce ba ta tashi ba, masu kas, 'yan sayen tsohon ƙarfe, za su zo su yanka ta. Ba ni da wurin da zan sa ko babur."

Illiya ya ture kwano. Ya wanke hannu, ya bar rabin tuwonsa. Washegari ma ya bar rabi. Indo ta dube shi, ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta san ranar da aka sa wa motar nan wuta, ba ita kaɗai za a yanka ba.

"Maigida," ta ce, "wai mene ne wannan abin da ya gagari maza? Nuna mini."

Ya ɗauko ɓarin tsohon daga aljihu, ya zana sauran a ƙasa da tsinke. Indo ta karkata kai.

"Wannan ai hantsar akuya ce aka kifar."

"Kan delko ne, Indo."

"Kai ka san delko. Nono shida a kewaye, ɗaya a tsakiya, kowane da rami a baki. Da tun farko haka ka ce, da tuni an samo."

Daga ranar ta ɗauki hantsar a bakinta. Ta kai ta gidan biki, ta kai ta gidan kitso, ta kai ta wurin niƙa. Mata suka sha dariya, aka kawo mata marfin buta, aka kawo mata wani abu na keken ɗinki, amma ba a dace ba. Sai ranar da Hamidu mai albasa ya zo sauke mata buhu. Shi Hamidu mutumin Tabelot ne, matarsa ta rasu, kuma duk unguwa ta san tun da Uwani ta fita takabar mijinta Issouf yake zarya gidanta kowace Juma'a. An kuma san amsar da take ba shi, don Uwani ba ta da wata amsa sai waccan.

Ya ji Indo na yi wa maƙwabciya bayanin hantsa, sai ya ajiye buhu a hankali.

"Yaya Indo, launin ƙasar tukunya ne da ita?"

"Haka ɓarin yake."

"To ai ni duk Juma'a hayaƙinta nake shaƙa. Tana zauren Uwani. Turaren tsinke take sokawa a ramukan, ta kunna. In sun cinye ta ce mini, Hamidu, lokaci ya yi."

Ashe marigayi Issouf jagora ne zamanin da motocin tsere ke ratsa hamadar Tenere, kuma mutum ne da ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Duk motar da ta mutu a rairayi sai ya cire wani abu ya kawo gida. Da ya rasu Uwani ta zubar da tarkacen, wannan kaɗai ta ajiye don ta ga ya yi kyau da turare.

Aka aiki Hamidu, ya tafi da sauri irin na wanda abin ya shafa. Ya dawo a sanyaye. Uwani ta ce mai so ta zo da ƙafarta ta karɓa.

To fa. Indo ta rantse ba za ta taka gidan ba sai mota ta tashi, mota kuma ba za ta tashi ba sai an taka gidan. Illiya ya ce a bari kawai, ba zai sa ta yi kaffara don ƙarfe ba. Indo ta yini tana tsintar shinkafa tana magana da kanta. La'asar na yi ta ajiye faifai ta ce, "Ni na rantse. Motar ba ta rantse ba."

Da hantsi aka fito da motar. Ɗan Lami ya sa batiri, ya zuba esans a tanki, ya ce wa masu zinariya duk wanda ke son a taɓa motarsa yau sai ya sa hannu. Ƙattin nan suka kama turi suna dariya. Illiya na riƙe da bolan yana juya tayoyi, Indo na gefensa da zanen da ba ta ɗaurawa sai Salla, ta kafa ɗaurin kai har yana taɓa rufi. Lungunan tsohon gari ba don mota aka yi su ba, sai da aka ɗage wata rumfa, aka kori akuyoyi, ana ta "a hankali, fentin!" Kafin a kai, rabin Katanga na biye. Wasu murna suke, wasu kuwa fuskarsu ba ta yi daɗi ba. Tela har cewa ya yi, "Ku bar tsohon nan ya huta mana, me ya kawo wannan wahala?" Aka ce masa ya dai tuna yadunan da ke ƙarƙashin teburinsa.

Uwani na tsaye a bakin zaure, hannu a ƙugu. Indo ta sauke gilashi.

"Uwani."

"Indo. Kin tsufa."

"Ke ma ba ki koma yarinya ba. Miƙo hantsar."

"Haka ake roƙo a gidanku? Daga cikin mota, kamar matar gwamna?"

"Ƙafata ba ta taɓa ƙasarki ba, kowa shaida ne."

Uwani ta harari Hamidu, wanda ya naɗo sabon rawani ya tsaya gefe kamar bai san kowa ba. "Kin san abin da zai same ni in wannan abar ta tashi?"

"Na sani. Albasa har ki mutu. Bakinki ya jawo miki."

Mata suka kwashe da dariya, irin ta waccan rana, amma yau ta juya. Uwani ta yi tsaki ta shige. Ba ta daɗe ba ta fito da abin naɗe a ƙyalle. Indo ta karɓa ta taga ta buɗe, sai ta ga an wanke shi tas, an sosa tokar kowane rami, har sheƙi yake. Wannan ba aikin yanzu ba ne. Ta ɗaga ido ta dubi Uwani, Uwani ta dubi sama.

"In ba ta tashi ba, a maido mini kayana," in ji Uwani.

Illiya ya ɗaga kapo. Ya goge ƙarafunan cikin murfin da takardar yashi, ya hura, ya ɗora. Murfin ya zauna daram, maƙallan biyu suka ce ƙas. Ya soka wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Lami ya matso zai taya, uban ya ture shi da gwiwar hannu. Ya koma ya zauna, ya yi bismilla, ya murɗa kile.

Motar ta yi tari, ta yi tari, sannan ta saki wata ƙara kamar bindiga. Akuyoyi suka watse, wata mata ta zubar da tallan fura, tela ya ce, "Alhamdu lillahi, kun gani ko?" Indo ta zaci shi ke nan. Amma da ta dubi mijinta sai ta ga murmushi yake.

"Wuta ta zo," ya ce. "Na haɗa biyu ba daidai ba."

Ya fita, ya musanya wayoyi biyu, ya dawo. Ya sake murɗawa.

Ta kama. Da farko da gurnani can ƙasa, kujerar na kaɗawa ƙarƙashin Indo, sannan ya taka ta, ta buɗe murya har tantabaru suka tashi daga kan soraye. Guɗa ta ɓarke. Masu zinariya na tsalle suna dukan bayan juna, Ɗan Lami ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Baba! Baba, ji ta!" Da moter ta ɗumama, sai ƙamshin turare ya fara fitowa daga ƙarƙashin kapo, duk lungun ya ɗauka.

Nan take rikici ya tashi. Mata uku suka riƙe rigar tela. Wani saurayi ya ruga neman ubansa kan zancen babur. Wata ta tuna wa mijinta rufin madafa, wani ya tuna wa wansa rabon gona. Hamidu kuwa gyaran rawani kawai yake.

Indo ta buɗe ƙofa, ta sauko, ta taka zauren Uwani da ƙafar dama. Tukunyar na nan bayan ƙyaure, an goge ta da toka, an kife ta tana jira.

"Marfin fa?"

"Ke dai ba ki da godiya. Yana ciki."

Aka tura kujera gaba, Uwani ta cusa kanta a baya da tukunya a cinya, tana faɗin wannan mota ba don masu jiki aka yi ta ba. Ta leƙo ta ce wa Hamidu, "Kai kuma ka daina kallona haka, ka je ka nemo manyanka. Bayan Bianu." Ɗan Lami ya duƙo ta taga ya ce zai yi wa motar rumfa a gaban garaj, motocin Jado su jira a rana, sun saba.

Illiya ya sa giya. Jama'a suka dare, yara suka bi da gudu. Da suka fito fili, hasumiyar babban masallaci na gabansu, ya juyo yana share ido da hannun riga.

"Ina zan kai ki?"

"Ɗakina mana," in ji Indo. "Ka makara. Amma ka bi ta doguwar hanya, akwai waɗanda ba su gan ni ba tukuna."